Butar da Ta Bushe a Gidan Ɗana

Ban taɓa zama a gaban malami ba, ko na boko ko na allo, in ban da surorin sallah da na ɗauka a bakin mijina, Allah ya jiƙansa. Karatuna guda ɗaya ne, cikin saniya. Shekara talatin da ɗoriya ina wanke kayan ciki a abbatuwar Agege, tun ina goyo har furfura ta cinye kaina. In aka feɗe sa aka turo mini tumbi da hanji a baro, kallo ɗaya nake yi in gaya maka ko ya sha ruwa a hanyarsa daga Arewa, ko an bar shi da ƙishi a tirela, ko ya haɗiyi leda. Hanta mai ciwo kuwa, kafin likitan dabbobi ya gama sa safar hannu na riga na ware ta gefe. Mutane suna cewa na cika sa ido. Ba na musu. Wanda ba ya sa ido a sana'armu, cuta zai ciyar da jama'a.

Da wannan idon na gane ɗana ya bar sallah.

Shi ne na fari, shi kaɗai ne kuma ya rayu. Ban taɓa kama sunansa ba, don a garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ko "ɗana" ɗin nan da nake ta faɗa, tsufa ne ya sake mini baki. A nan Agege aka haife shi, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa. Ya yi karatu har ya ƙoshi, ya sami aiki a wani kamfanin magani a Ilupeju, inda suke sa farar riga suna leƙa abin da ido ba ya gani. Ya auri wata yarinya 'yar Funtuwa, mai natsuwa, wadda uwarta ta rasu tun tana ƙarama. Suka kama ɗaki biyu da falo a bayan titin jirgi, motar haya ta danfo ɗaya nake shiga in isa.

Duk Lahadi nakan kai musu hanta da ƙoda. A ƙofar banɗakinsu buta biyu ce, shuɗiya ta matar, koriya tasa. Shuɗiyar kullum a jiƙe. Koriyar kuwa na ga ƙura ta kwanta a wuyanta. Na karyo tsinken tsintsiya na zura a bakinta, na tafi. Da na dawo Lahadin gaba, tsinken yana nan inda na bar shi.

Ranar matar ta tafi kasuwar Oyingbo cefane da maƙwabciyarta, daga ni sai shi a gidan. Na ɗauko butar na dire a tsakiyar falo.

Na ce, "Kai, zo nan. Wannan ta waye?"

Ya ce, "Tawa ce, Inna."

"Tsinken nan ni na sa shi mako guda ke nan. Da me kake alwala, da iska?"

Ya yi 'yar dariya. "Inna, ke da kin yi boko, da 'yan sanda sun huta."

"Ba wasa ya kawo ni ba."

Da ya so, da ya ce a famfo yake yi, ni kuma in karɓi ƙaryar in tafi da ita gida. Wallahi a ranar da na karɓa. Bai yi ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, kamar yadda yake yi yana yaro, ya ce, "Na daina, Inna. Shekara biyu ke nan. Ba kasala ba ce. Na duba, na sake dubawa, ban ga akwai wanda nake yi wa ba."

Na yi salati har sau uku. Na ce, "To wa ya yi ka? Wa ya yi sama da ƙasa?"

Sai ya fara bayani a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya. Wai masu bincike sun gano cewa duk abin nan da muke gani, rana da wata da taurari, da can a dunƙule suke wuri guda, cikin wani irin zafi, sai abin ya buɗe, har yau kuma yana ta faɗaɗa.

Na ce, "Wa ya dunƙule shi?"

Ya ce, "Ba a sani ba."

"To ka gani."

"Ni na ce ban sani ba, ke kin ce kin sani. Nan ne kawai muka rabu, Inna."

Na ce masa ya saurara, ni ma ina da nawa binciken. Tumbin saniya ɗaki huɗu ne. Ɗaya kamar tawul, ɗaya kamar saƙar zuma, ɗaya shafi-shafi kamar littattafan nan nasa, na huɗun santsi. Na buɗe shanun da ban san iyakarsu ba, ban taɓa samun zuciya a mazaunin ƙoda ba. Ko ƙullin kayan miya ka tsinta a hanya, ka san akwai hannun da ya ƙulla.

Ya ce waɗanda cikinsu ya zo a hargitse ai sun mutu ba su bar baya ba, masu kyan ne suka yi saura, lokaci ne kawai mai tsawon da hankali ba ya ɗauka. Sannan ya ce, "Amma bar wannan. A ce sai da mai ƙullawa. Shi mai ƙullawar, wa ya yi shi?"

"Shi ba a yi shi ba. Yana nan tun babu komai."

"To in har wani abu zai iya kasancewa ba tare da an yi shi ba, me ya hana duniyar ta zama ita ce abin?"

Ni kuwa in aka ƙure ni, fushi nake yi. Na ce, "To don me take nan? Don me ake haihuwa, ake wahala, ake mutuwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Wataƙila ba don komai ba, Inna."

Duk sauran maganganun na iya haɗiye su. Wannan ce ta tsaya mini a wuya. Na ce wato ubanka da ke kwance a maƙabarta, da hannuwan nan nawa da ruwan tumbi ya cinye don ka yi karatu, duk ba don komai ba. Ya ce ba haka yake nufi ba. Ban tsaya ji ba. Na yafa mayafina, na rantse da Allah ba zan sake taka gidansa ba, ba zan sake cin abin da aka dafa a tukunyarsa ba. Ya biyo ni har bakin titi yana "Inna, Inna", ban waiwaya ba.

Ban gaya wa kowa ba. Na san unguwarmu. Da na buɗe baki, da uban matar ya zo daga Funtuwa ya ɗauke 'yarsa, da kuma zaman Agege ya gagari yaron. Na rufe maganar a cikina, ina tafe da ita wajen aiki ina dawowa da ita. Yakan kira waya, in ƙi ɗauka. In matan gidanmu ko abokan aiki suka tambaya me ya sa na daina fita ran Lahadi, sai in ce gwiwa ce.

Bayan wata uku matar ta zo. Tun daga yadda ta taka dokin ƙofa na san tana da ciki. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa a taƙaice.

Na ce, "Kin san halin da mijinki yake ciki?"

Ta ce, "Na sani, Inna. Na riga ki sani."

"Kuma kike zaune?"

"Bai taɓa hana ni sallah ba. Da azumi shi yake sayo mini kayan buɗe baki. Ina yi masa addu'a. In na tafi, wa zai yi masa ita a kusa?" Sai ta murza bakin hijabinta. "Inna, kin san ba ni da uwa. Wa zai yi mini wankan jego?"

Na ce, "Matan unguwa suna da yawa."

Har yau in na tuna wannan amsar sai na ji kunya. Ta tashi ta tafi ba ta yi kuka a gabana ba, wannan ya fi kukan ciwo.

A haka aka shiga damina. Akwai wani tsohon mahauci Bazazzagi da nake wanke wa kaya tun zuwana abbatuwa, ni Bakanuwa, don haka kullum cikin tsiya muke da juna. A ƙa'idar aiki, kafin a kayar da saniya mace sai an danna mata kwiɓi an ji ko da ɗa a ciki. In da shi, a mayar da ita turke. Wata rana tireloli suka iso a makare, ruwa yana zuba, masu sayen nama sun tsaya a kansa suna ta "oga, oga, yi sauri". Saniyar ramammiya ce, ba wanda zai zata. Bai danna ba.

Ina tsugune a bakin famfo na ji ya ja salati. Na taso. Ya farka mahaifar, ga ɗan tayi ya zubo a kan siminti.

Na ce, "Bazazzagi, idonka ya mutu ne, ko hannun ne ya shanye?"

Ya ce, "Bar ni, Bakanuwa. Yau ba ni da bakin rama miki."

Na sha ganin ɗan tayi, amma ban taɓa tsayawa na kalla ba. Wannan ya kusa fitowa. Ja ne, da ɗan fari a goshi. Kofatansa taushi kamar sabulu. Har gashin ido an yi masa, ɗaya bayan ɗaya, a jere. An gama masa komai: ƙafafun da ba za su taɓa tsayawa ba, bakin da ba zai taɓa kama nono ba. A abbatuwa ba a zubar da komai. Jini da mai sayensa, ƙaho da ƙashi da fata duk da inda za su, har dattin tumbi masu lambu suna kwasa. Shi kaɗai ne ban san wurinsa ba.

Sai na tuna 'yata. Bayan ɗan nan nawa na haifi mace, ta kwana uku ta koma, ko suna ba a raɗa mata ba. Ita ma an gama mata komai, har farce. A lokacin aka ce in yi haƙuri, na yi. Ban taɓa tambaya ba. Ranar nan kuwa, a tsaye cikin ruwan sama, na ji bakina ya ce da ƙarfi, "To kai don me aka yi ka?"

Bazazzagin ya ɗago. "Ke, yi istigfari. Allah ya san dalili."

Na ce, "Na san ya sani. Ni ce ban sani ba."

Ina rufe baki na ji muryar wa na ara. Ban sani ba. Maganar da ɗana ya faɗa ranar da na bar gidansa.

Na koma bakin famfo na ci gaba da wanke hanji, amma hannu ne kawai yake aiki. Malamai sun ce an halicce mu don mu bauta wa Allah, na kuma yarda, a kan haka zan mutu. Imanina bai motsa ba ko kaɗan. Sai dai ranar na gane abin da nake riƙe da shi ba sani ba ne, amincewa ce. Na kuma gane tambayar nan ba a littafin Turawa ya tsince ta ba. Tana cikina shekara da shekaru, na danne ta da aiki. A nonona ya sha ta. Ni na haɗiye, shi ya furta, ya kuma bi ta har inda ni ba zan bi ba.

Kada ka zaci washegari na tafi gidansa. Ni ba mai saurin saukowa ba ce. Wata biyu na ƙara ina juya abin, har wata safiya waya ta yi ƙara ina shirin fita, na ga dai gara in ɗauka.

Ya ce, "Inna, an sauka lafiya. Mace ce."

Na ce, "Masha Allah," na kashe.

Kwana biyu ina aiki kamar ban ji ba. A na ukun na tsaya wajen limamin masallacinmu bayan azahar, na ce, Malam, mutum ne ya rantse ba zai taka wani gida ba, yanzu kuma hanya ta bi ta nan. Bai tambaye ni gidan wa ba. Ya ce in zuwan ya fi alheri, a je, a ciyar da mabuƙata goma, rantsuwa ta warware.

A al'adarmu, in mace ta haihu, kafin suna ana dafa mata ƙauri, wato ƙafafun sa da kayan yaji, ta ci ta mayar da ƙarfi, a kuma raba wa dangi. Duk Agege ba wanda ya fi ni sanin ƙafar da ta dace. Washegari da safe na zaɓi huɗu na bijimi ɗaya, masu jijiya, na sa aka babbake, na kankare su da kaina har suka yi fari. Bazazzagin yana kallona yana murmushi.

Ya ce, "Gwiwar ta warke ke nan?"

Na ce, "Kai dai ka koyi danna kwiɓi."

Na shiga danfo da roba a kan cinya. Da na isa, shi ya buɗe ƙofa. Ya rame, idonsa ja don rashin barci. Ya miƙo hannu ya karɓi robar.

"Inna, sannu da zuwa."

"Ba wajenka na zo ba. Nemo itace da ganyen darbejiya."

Na wuce ɗaki. Maijegon tana ganina ta fashe da kukan da ta hana ni gani wancan karon. Na ce ta yi shiru, kuka yana ƙafar da nono. Na karɓi jaririyar na duba ta tun daga maɗiga har tafin ƙafa, kamar yadda nake duba komai. Lafiya lau. Na duba ɗakin kuma. Ga ɗan gado da gidan sauro, ga safa ƙanana a jere, ga tawul har kala uku. Maijegon ta ce tun cikin yana wata huɗu yake ta jido su.

Na dafa ruwan ganye na yi mata wanka, sannan na ɗora ƙauri a tsakar gida. Citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, da 'yar kanwa don ya yi laushi. Shi yana tsugune yana iza wuta, hayaƙi yana sa shi hawaye, ko kuma ba hayaƙin ba ne.

Na ce, "Wa ya yi mata kiran sallah a kunne?"

"Ladan. Ni na je na kira shi, ni na riƙe ta yana yi."

"Kai me ya hana ka? Ai aikin uba ne."

"Ban so maganar farko da za ta ji a bakina ta zama wadda ban yarda da ita ba. Amma ba zan hana ta abin uwarta da kakarta ba."

"To kai me ka ce mata?"

Ya ɗan ji kunya. "Na ce sannu da zuwa, mun daɗe muna jiran ki."

Na juya tukunya. Na ce, "Ita ta roƙe ka ka kawo ta duniya?"

"A'a."

"Noma za ta yi maka? Ko ka rasa abin yi da albashinka?"

Ya yi dariya. "Ba abin da za ta yi mini, Inna. In ma akwai, hana ni barci ne."

"To don me?"

Ya ƙara itace a wuta. "Na so ta kasance. Shi ke nan."

"Tun ba ka gan ta ba."

"Tun ban gan ta ba."

Sai na ba shi labarin ɗan tayin, da na ƙanwarsa da ta kwana uku, wadda ban taɓa yi masa zancenta ba. Na gaya masa abin da bakina ya furta a abbatuwa, ban ɓoye ba. Na ce, "Ni ba malama ba ce. Amma yadda na ɗauki abin, Ubangiji bai rasa komai ba, ba ya buƙatar komai a wajenmu. Ya so mu kasance ne. Ya shimfiɗa gado tun kafin mu zo, kamar yadda ka yi. Wadda ta kwana uku ma, an so ta. Abin da ya sa aka yi mata farce ke nan."

Ya share fuska da gefen riga. "Magana ce mai daɗi, Inna. Amma ba hujja ba ce."

Na ce, "Ni daga abbatuwa nake. Ƙafar sa na kawo, ban kawo hujja ba."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya natsu ya ce shi kuma ga yadda yake gani. In ba wanda ya nufa, to abin mamakin ya ma fi girma. Da komai zai iya zama babu, ba rana, ba ruwa, ba ni, ba shi. Sai ga shi akwai, har ga wata mai gashin ido tana atishawa a ɗaki. Ya ce tun da aka miƙo masa ita a asibiti yake jin godiya ta cika masa ƙirji, bai dai san inda zai kai ta ba.

Na ce, "Ni na san inda ake kai ta."

Ya ce, "Na san kin sani."

Na ce to shi ke nan. Ni na ce kyauta ce, shi ya ce tsintuwa ce, ko ma wacce ce ba a wasa da ita. Iza wutar nan, ka bar ta tana mutuwa.

Da ƙaurin ya nuna, na fara zuba wa maijego. Sannan na cika kwano goma da tuwo da romo da nama, na sa shi ya kai wa 'yan ci-ranin da ke turin ruwa a bakin layinsu. Ya tambaye ni na mene ne, na ce na bakina ne da ya yi saurin rantsuwa. Da ya dawo na zauna a falonsa, na ci daga tukunyarsa, yana kallona kamar bai taɓa ganin mutum yana tauna ba.

Aka kira la'asar. Na yunƙura zan tashi, sai ya riga ni. Ya ɗauko koriyar butar. Tsinken yana nan a bakinta, wata tara bai cire ba. Ya zare shi, ya wanke butar ciki da waje, ya cika ta, ya ajiye a gabana. Ya shimfiɗa mini darduma, ya karɓi jaririyar don uwarta ta huta, ya koma gefe ya zauna.

Kwana arba'in na yi a gidan. Yanzu yarinyar tana tafiya, tana kirana da wani suna da ba Hausa ba ba Yarbanci ba. Uban har yau bai koma sallah ba, ba zan yi ƙarya in ce ya koma ba. Ni ma ban daina kai ƙararsa wajen Allah ba, sau biyar a rana, ya kuma sani. Wani lokaci muna taɓa gardamar, ya kawo taurarinsa in kawo tumbina, matar ta ce mu yi a hankali abinci yana hucewa. Duk Lahadi dai, kafin in sauke mayafi, koriyar butar tana cike a bakin ƙofa tana jirana.